Fili Mai Araha A Bakin Tsohon Rami: Abin Da Ya Kamata Falke Ya Sani Kafin Ya Kafa Zango



Duk wanda ya taɓa ɗauko shanu daga Ngaundare ko daga Chadi, ya ratso Kamaru, ya ƙetare iyaka ya biyo ta Bitam da Oyem da Mitzic da Ndjolé har ya iso Libreville, ya san cewa wahalar hanya daban take, wahalar wurin saukewa kuma daban. Gari ya cika, fili ya yi tsada, sa'an nan ba kowa ke son warin kashin shanu a bayan tagarsa ba. Saboda haka filin da kan rage wa mai dabba shi ne wanda kowa ya ƙi, watau gindin tudu, ko bakin rafi, ko kuma tsohon ramin da aka ɗebi marmara ko yashi ko aka fasa dutse, daga baya aka zo da tifa aka cike shi, katafila ta bi ta kai ta daidaita. In ka je da rani, tsakanin Yuni da Satumba, sai ka ga fili shimfiɗe kamar faifai, kuɗin haya ga sauƙi. Mai fili ya ce maka, "Alhaji, ai nan ba ya riƙe ruwa." To, a kan irin wannan fili ne muke son mu ɗan yi bayani, domin tambayar ta sha zuwa daga 'yan'uwa na Nzeng-Ayong da kewaye, kuma ta shafi na Bukuru da na Zamfara da na Nijar baki ɗaya.

Mu fara da lissafin ruwa, don a nan ne mutumin Arewa ke ruɗuwa. A Kano, ruwan da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 900 ba a shekarun da muka taso. A Jos yakan kai wajen 1,400. A Libreville kuwa yana kusa da 2,900, watau ninki uku na Kano, kuma watanni tara ake yi ana tafka shi, ya fi ƙarfi a Oktoba da Nuwamba da kuma wajen Maris da Afrilu. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. Idan aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, wanda ba abin ba da labari ba ne a Gabon, lita 500,000 ke nan ta sauka a kan hekta ɗayan nan. Tankar man fetur mai cin lita 33,000, sai ka jera goma sha biyar. Ka tambayi kanka, tanka goma sha biyar in aka buɗe su lokaci guda a tsakiyar zangonka, ina ruwan zai bi? In ba ka san amsa ba, ruwan ya sani, kuma ba zai yi shawara da kai ba.

Ƙasar Da Aka Cike Ba Ƙasar Da Allah Ya Shimfiɗa Ba Ce

Ƙasa ta asali hawa-hawa take. A sama akwai baƙar ƙasa mai taki da saiwoyi, ita ce ke shan ruwa kamar soso. A ƙarƙashinta ja, sa'an nan marmara ko yumɓu, sa'an nan dutse. Kuma kowane tudu yana da 'yan ƙoramunsa da ruwa ya ɗauki ɗaruruwan shekaru yana gyara wa kansa. Mai haƙar ma'adinai in ya zo, baƙar ƙasar nan ita yake fara turewa, galibi ya binne ta a ƙarƙashin ja. Ƙoramun ya toshe su ko ya karkatar. In an gama aka ce za a mayar da fili, abin da ake zubawa a rami gauraye ne: yumɓu, tsakuwa, ɓaraguzan gini, wani lokaci har da shara.

Daga nan matsala biyu ke fitowa, kuma kamar kishiyoyi suke. Ta farko, saman filin ya daddale saboda nauyin katafila da tifa, ruwa ba ya shiga, sai dai ya gudu. Ta biyu, cikin filin bai zauna ba, akwai kogo-kogo, kuma yakan ɗauki shekaru yana lotsawa, nan ya nutse da yawa, can kaɗan. Shi ya sa lambatun siminti da aka gina a kan sabon ciko yakan tsage bayan damina ɗaya ko biyu. Ruwa ya bi tsagar ya shiga ƙarƙashi, ya riƙa kwashe ƙasa a ɓoye. Kana ganin kankare lafiya lau daga sama, alhali a iska yake tsaye. Ranar da tirela ta taka, ko bijimai biyu suka yi karo a kai, sai ya rufta.

Sa'an nan ga namu laifin, mu faɗi gaskiya. Sa mai kilo 350 duk nauyinsa a kan kofato huɗu yake. Shanu ɗari in suka kwana bakwai a wuri guda, ba sauran ciyawa, kuma ƙasar ta zama kamar daɓe. Shanu kuwa layi suke bi, hanyar da na gaba ya bi zuwa mashaya ita na baya zai bi. Cikin mako biyu an yi 'yar siririyar hanya mai zurfin taƙi. Ruwan farko ya mai da ita magudana, ruwa na goma ya mai da ita kwazazzabo. Na taɓa ganin wani zango da aka kafa a kan ciko, mai filin ya rantse an danne shi da inji. Damina ba ta raba ba kusurwar shingen ta zame cikin kwari da dare, aka wayi gari da shanu biyu da karyayyun ƙafafu, aka yanka su aka sayar a farashin da mahauta suka ga dama. Kuɗin shanun nan biyu da sun gina magudanar da ake ta jayayya a kanta.

Darasin Jos

Mu 'yan Arewa ba baƙi ba ne a wannan magana, don kakanninmu da yawa sun yi aikin kuza a Jos da Bukuru da Barikin Ladi. Turawa sun fara haƙar kuza gadan-gadan a farkon ƙarni na 20, har aka ja ƙaramin layin dogo daga Zariya ya isa can a 1914. Aikin ya kai ƙololuwa a lokacin yaƙin duniya na biyu, lokacin da aka riƙa tilasta wa mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙa. Abin da aka bari a baya shi ne fili da ya wuce murabba'in kilomita 300 a lalace, da tuddan ja, da ɗaruruwan tafkuna masu zurfi da gaɓa a tsaye. A 1946 aka yi dokar ma'adinai da ta ɗora wa kamfani nauyin gyara inda ya haƙa, daga baya kuma gwamnati ta kafa sashen mayar da filayen kuza. Yadda suka yi shi ne su baje tudu da katafila, su cike rami, su dasa itacen turare. Da kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, kamfanoni suka watse, kuma kaso kaɗan ne ƙwarai na filin aka gyara.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne abin da masu bincike suka gano bayan shekaru. Wani malamin Jami'ar Durham ta Ingila, Michael Alexander, ya auna ƙasar da ke ƙarƙashin itatuwan turaren nan a shekarun 1980, ya tarar ba ta farfaɗo yadda aka zata ba, ganyen turare ma ƙara mata tsami yake yi. Waɗanda suka farfaɗo da ƙasar na gaskiya su ne 'yan lambu, Hausawa da 'yan ƙasa, waɗanda suka riƙa jan ruwa daga tafkunan kuza da rani, suna zuba toka da sharar gari da kashin shanu, har jar ƙasa ta koma tana ba da tumatir da kabeji da karas da dankalin Turawa. Ka ga ke nan abin da muke sharewa muna zubarwa a zango kullum, shi ne maganin ciwon irin wannan ƙasa. Sai dai fa a zuba shi inda ya dace, ba cikin lambatu ba.

Tafkunan kuwa har yanzu suna nan, makiyaya na shayarwa, kuma suna cin mutane da dabbobi, saboda bakinsu ba gangare ba ne kamar na tafkin Allah. Taku biyu, sai zurfin gaba da yawa.

Yadda Ake Mayar Wa Ruwa Da Hanyarsa

Abu na farko, kada ka kira birkila tukuna. Ka jira a yi ruwa mai ƙarfi, ka sa takalmin roba ka fita cikinsa, ka zagaya filin. Duba ta ina ruwa ke shigowa daga maƙwabta, ina yake taruwa, ina yake fita. Ka kafa turaku a wuraren. In akwai tsoho a unguwar da ya san wurin kafin a haƙa, ka tambaye shi ta ina ƙorama take bi a da, domin ruwa ba ya manta tsohuwar hanyarsa, ko an cike ta yana bi ta ƙarƙashi. Wurin da ka ga ƙasa na tsatsafo bayan kwana uku da ɗauke ruwa, to, nan ne. Kada ka kafa rumfa ko bango a kai.

Abu na biyu, aikin daga sama ake tunaninsa amma daga ƙasa ake fara gininsa. Ma'ana, ka fara tabbatar da mafita, inda ruwanka zai zuba cikin babbar magudana ko rafi ba tare da ya shiga gidan wani ba. Mutane da yawa sukan haƙa lambatu mai kyau a cikin fili, ya zo ya ƙare a bakin shinge. Duk ruwan da a da yake warwatse yanzu an tara shi wuri guda, ya fito da ƙarfi kamar bakin famfo, ya haƙa rami a filin maƙwabci. Daga nan sai ofishin 'yan sanda, kuma baƙo ne ke biya.

Bayan mafita, sai magudanar tare ruwa a can saman fili, wadda ke gicciye da gangare. Aikinta ta kama ruwan da ke gangarowa daga tudu kafin ya shigo cikin shanu, ta kai shi gefe. Ƙasar da aka haƙo a jibge ta a gefen ƙasa na magudanar, a daddale, ta zama kunya. Ita wannan magudana ba a son ta miƙe da gangare sosai. A kowace mita 100 ta sauka da rabin mita zuwa mita ɗaya, ya isa. In ta kwanta fiye da haka, yashi zai zauna ya toshe ta. In ta fi haka tsayuwa, ruwa zai yi gudu ya ci gindinta. Ba sai an ɗauko safiyo ba don wannan awo, dogon tiyo mai haske da aka cika da ruwa, irin na magina, da sanduna biyu sun wadatar.

Gudun ruwa shi ne abokin gaba, ba yawansa ba. In gudun ya ninka biyu, ƙarfin da yake dukan ƙasa da shi ya ninka huɗu. Don haka magudana mai faɗi marar zurfi, mai gefe a kishingiɗe kamar kwarya, ta fi siririya mai zurfi mai gefe a tsaye. Gefe a tsaye a cikin ciko rushewa yake yi, kuma saniya in ta faɗa ba ta fita. A gangaren da ake son ciyawa ta kama, masana na son a ja shi taku uku a kwance ga kowane taku ɗaya na tsawo.

A kan ciko sabo, ni dai ra'ayina, dutse ya fi siminti. A shimfiɗa tsakuwa ko yashi mai kauri a ƙasa, a jera manyan duwatsu a kai, a cusa ƙanana a tsakani. In ƙasa ta lotsa, dutse ya bi ta ya zauna, ka ƙara wani a kai. Tsakuwar nan ta ƙarƙashi kada a yi rowarta, ita ce ke hana ruwa tsotse ƙasa ta tsakanin duwatsu. Inda ruwa ke da ƙarfi sosai, akwai kejin waya da ake cikawa da dutse, wanda mutanen ƙasashen Faransa ke kira gabiyon. Duk wanda ya bi ta Keita a jihar Tawa ya ga irinsa, inda aikin da Italiya da hukumar abinci ta duniya suka fara a 1984 ya tare kwaruruka da dama da shi, tare da jerin duwatsu da ramukan dasa itace, kuma mata ne suka ɗauki yawancin duwatsun a ka. Siminti sai a ajiye shi don kwalbati a ƙofar da tirela ke shiga, shi ma a tona har a sami ƙasa mai ƙarfi, kuma a yi shi da girma. Kwalbati ƙarami leda uku da gorar roba biyu sun toshe shi.

In Kwazazzabo Ya Riga Ya Buɗe

Kwazazzabo da baya yake tafiya. Ruwa ya zubo daga bakinsa na sama kamar daga indararo, ya ƙwaƙule gindi, saman ya rufto, sai bakin ya matsa gaba zuwa tudu. Haka yake ci yana hawa har ya iso shingenka. Abin da mutane suka saba yi shi ne su zuba shara da tsofaffin tayoyi da ɓaraguzai a ciki. Wannan ba ya magani, ruwa zagayawa yake yi ta gefe ya buɗe sabon baki, yanzu kana da biyu.

Gyaran yana farawa da ɗauke masa ruwan da ke ciyar da shi, da magudanar taren da muka ambata. Sa'an nan a sassabe bakin nan mai tsayuwa ya koma gangare, a lulluɓe shi da tsakuwa da dutse. A cikin kwarin kuma a yi 'yan ƙananan shingaye a gicciye, na dutse ko kejin waya ko turakun gora da aka saƙa, ko buhunan yashi in ba hali, ko da yake buhu ba ya wuce damina ɗaya. Ƙanana da yawa sun fi babba ɗaya. Kowane kada ya wuce rabin mita zuwa mita, tsakiyarsa ta fi gefensa ƙasa domin ruwa ya tsallake ta tsakiya, gefunan kuma a cusa su sosai cikin gaɓa. A ƙarƙashin kowane a shimfiɗa dutse inda ruwa zai faɗo. Tazarar da ke tsakaninsu, a sa kan na ƙasa ya yi daidai da gindin na sama, kamar matakala. Ba don su tare ruwa ake yin su ba, don su rage masa gudu ya sauke ƙasar da ya ɗauko. Bayan damina ɗaya za ka ga bayan kowane ya cika da laka mai kyau, a nan ake dasa ciyawa.

Ciyawar da ta fi suna a wannan aiki ita ce jema, wadda muke gani a fadamun Arewa ana saƙa zana da faifai da ita. 'Yar'uwarta ta Indiya ce Bankin Duniya ya yaɗa tun ƙarshen shekarun 1980 don tare zaizaya. Saiwarta miƙewa take yi ƙasa har mita biyu ko uku. Ana dasa ta a layi a gicciye da gangare, tazarar taƙi ɗaya ko ƙasa da haka tsakanin tushe da tushe, in ta haɗe sai ta zama kamar mataji, ruwa ya wuce ƙasa ta tsaya. Kiri-kiri na da kyau a cikin magudana, gamba kuma a kan kunya. A Gabon ciyawa ba ta da wuyar fitowa, ko ba ka shuka ba za ta zo. Wuyar ita ce hana shanu. Duk inda aka dasa sai an kewaye shi damina guda cur, kuma yaron da ke tsaron shanu ya san cewa in ya buɗe don ya huta da yankan ciyawa, a bakin albashinsa.

Wurin tsayuwar shanu kansa a ɗan tayar da shi a tsakiya da marmara, ya gangara kaɗan zuwa gefe, a daddale. Kewayen kwamin ruwa a zuba dutse ko a yi daɓen kankare. Shanun da suka kwana biyar a mota sun riga sun galabaita, in suka tsaya cikin taɓo har gwiwa sai kofato ya yi laushi ya ruɓe, sa ya fara ɗingishi ya daina cin abinci, kullum kilo na zuba. Ruwan da ke kwance mai ciyawa a baki kuma shi ne gidan 'yan ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar ciwon hanta. Mahauci in ya tsaga hanta ya ga tsutsa, likitan dabbobi ya jefar, kai za a cire wa.

Ruwan Rami Ba Kowane Ake Sha Ba

Ramin yashi da na marmara da na fasa dutse, haɗarinsu zurfi ne da ƙazantar gari. Tafkin da ke Nzeng-Ayong, mutanen unguwa za su gaya maka tsohon ramin fasa dutse ne da ruwa ya cika. Amma ramin ma'adinai wani abu ne daban, kuma ido ba ya ganewa. Ruwa na iya zama garau kamar na rijiya alhali da guba a ciki.

Ba mu manta da Zamfara ba. A 2010 likitocin MSF suka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, saboda dalmar da ke cikin dutsen zinaren da ake daka a gida ana wankewa a kududdufi. Yara aƙalla 400 suka rasu, dabbobi ma sun mutu. Gyaran da aka yi shi ne a kankare saman ƙasar gidaje, a kai wani rami na musamman a binne, a zubo ƙasa mai tsabta a rufe. Na Bagega sai a 2013 aka yi. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Abin lura a nan, murfin ƙasar da ake sawa a irin wannan wuri shi ne kaɗai tsakaninka da guba. In zaizaya ta yage shi, ko kofato ya tone shi, ko wani ya ɗebi ƙasar yin bulo, an koma gidan jiya. Saniya kuwa ba ciyawa kaɗai take ci ba, tana haɗiyar ƙasa da yawa tare da ita, balle mai lasar ƙasa don neman kanwa.

A nan Gabon ma akwai misali a lardin Haut-Ogooué. A Mounana an haƙi yuraniyom daga 1961 zuwa 1999, kuma a shekarun farko cikin ƙorama aka riƙa zuba dusar dutsen. Bayan an rufe an lulluɓe wuraren da dutse da jar ƙasa, amma daga baya aka gano an yi gini da ɓaraguzan ma'adinin, har aka tsara rushe gidaje kusan 200 a sake wasu. A Moanda, inda Comilog ke haƙar manganis tun 1962, lakar wankin dutse ta yi shekaru da dama tana zuba cikin kogin Moulili har ta cike shi, sai daga baya kamfanin ya koma tara lakar a manyan tafkuna na musamman, ya shiga kwashe wadda ke cikin kogin don ruwa ya sami hanya. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma sun san Akuta kusa da Arlit, inda aka rufe Cominak a ranar 31 ga Maris 2021, aka bar tudun dusa na wajen tan miliyan 20, shirin da aka bayyana a lokacin shi ne a rufe shi da yumɓu da dutse mai kaurin mita 2. Duk wurin da ka ga an kewaye da waya an kafa allo a irin waɗannan garuruwa, ko ciyawar ta kai ƙirji, a wuce da shanu. In kuwa dole sai an shayar daga wani rami da ba a san tarihinsa ba, a ɗebi kwalba a kai a auna. Shanu ɗari na shan lita 3,000 zuwa 4,000 a yini, sayen ruwan tanka akwai ciwo, amma ana iya lissafa shi.

Mu Dawo Nzeng-Ayong

Unguwar tana gunduma ta 6 ta Libreville, tudu da kwari ce, kuma ta daɗe tana fama da ambaliya. A shekarun 2010 Tarayyar Turai ta ba da kuɗi aka gina babbar magudana ta kankare mai tsawon fiye da kilomita 2 a cikin kwarin, kamfanin Conduril na ƙasar Fotugal ya yi aikin. Akwai irin wannan shiri ga wasu kwaruruka na birnin kamar Gué-Gué da Lowé-IAI da Terre Nouvelle. Babbar magudana dai ba ta aiki ita kaɗai. Duk jar ƙasar da ta zaizayo daga filayen da ke sama, da leda da robar da aka zubar, cikinta suke ƙarewa, su rage mata ciki, ruwa ya yi ambaliya a gidajen da ke ƙasa. Zaizayar tudu kuma ba wasa ba ce a birnin nan: a Oktoban 2022 ƙasa ta zabtaro a PK8 ta kashe mutum bakwai 'yan gida ɗaya.

To, in zangonmu na cikin masu tura laka da kashi cikin magudanar jama'a, ranar da aka yi ambaliya ba za a je neman wanda ya haƙa ramin shekara talatin da suka wuce ba. Masu shanu za a nuna, kuma an san yadda maganar baƙo take ƙarewa. Don haka kafin ruwan zango ya fita, a yi masa rami mai faɗi a kusurwar ƙasa inda zai ɗan tsaya, laka da kashi su kwanta, ruwan sama-sama ya tsallake ta kan dutse ya wuce. A kewaye ramin saboda yara. A riƙa kwashe shi da shebur kowane mako biyu a cikin damina, abin da aka kwaso a tara a wuri mai tudu a rufe. Masu lambu da ke noman ganye a gefen gari za su saya, ko su kwashe kyauta su rage maka aiki.

Saura maganar takarda. Kafin a biya ko sefa ɗaya, a ga takardar mallakar fili, a bincika a hukumar filaye ta ANUTTC da ofishin magajin gari ko wurin yana cikin hanyar ruwa da aka hana gini, a kuma tambaya ko an yarda a ajiye dabbobi a nan. A cikin yarjejeniyar haya a rubuta a fili shekarar da aka cike ramin, da wanda zai biya kuɗin magudana, da wanda zai gyara in ta rushe, da kuma ko za a cire abin da aka kashe daga kuɗin haya. Haya ta shekara ɗaya ba ta dace da irin wannan fili ba, don kana gama gyarawa mai shi zai ga ya yi kyau ya ninka kuɗi. In zango na haɗin gwiwa ne, a yanka wani abu kaɗan a kan kowane kai da aka sauke, a ajiye a hannun ma'aji don dutse da leburori. Aikin haƙa da jera dutse a gama shi cikin Yuli da Agusta, a dasa jema da ruwan farko na ƙarshen Satumba, sa'an nan bayan kowane babban ruwa na Oktoba mutum biyu su zagaya da shebur da baro su duba kwalbati da shingayen kwari.